Gudun Inji da Gudun Hannu

Ɗana, an gaya mini injin ya iso Dungu lafiya, har an kafa shi a rumfa. Allah ya sa alheri, ya ba ka ciniki, ya tsare maka yatsu. Ba ƙaramin ƙoƙari ka yi ba, don kombine ba kayan da ake saya da ribar gado ɗaya ko biyu ba ne. Na san masu taya murna sun gama lissafa maka abin da za ka samu. Ni maganar gudu zan yi maka, domin ita ce mai sayar da inji ba ya tsayawa ya bayyana, ita ce kuma ta fi raba kafinta da bel, da moter, wani lokacin har da hannu.

Injin da aka ƙera don aiki ɗaya ba ya sa mutum dogon tunani. In zarto ne, masu ƙira sun riga sun zaɓa masa gudunsa, kai dai ka kunna ka tura katako. Naka ba haka yake ba. Jiki ɗaya ke ɗauke da zarto, da wuƙaƙen fere fuska, da tupi mai fitar da ado a gefen katako, da bakin huji, a wasu ma har da wurin juya ƙafar gado, kuma sau da yawa moter ɗaya ke jan su duka. Kowanne da gudun da yake so, tazarar kuwa ba kaɗan ba ce. Babban bakin huji ya fi jin daɗi a juyi 500 ko 600 a minti, ƙaramar wuƙar tupi kuma tana neman 6,000 ko fiye. Masu ƙira ba su san abin da za ka ɗaura gobe da safe ba, shi ya sa suka bar maka hukuncin.

Ka tuna majajjawar da kuke korar tsuntsaye da ita a gonar gero. Hannu na juyawa yadda ya saba, amma in aka ƙara wa igiya tsawo sai dutsen da ke bakinta ya fi gudu, ya kuma fi jan hannu. Haƙorin zarto shi ne dutsen. Katako bai san sau nawa sanda ta juya ba, abin da yake ji shi ne saurin haƙori a bakin faifai. Faifan zarto mai faɗin santimita 30, in yana juyi 4,000 a minti, haƙorinsa na cin kusan mita 63 a sakan guda, fiye da kilomita 220 ke nan a awa. Lissafin ba ya buƙatar takarda. Ɗauki faɗin a santimita, ka ninka da dubban juyi, ka raba biyu: 30 sau 4 ya ba da 120, rabinsa 60. Bai cika cif ba, amma ya ishi mai aiki. Sannan ka riƙe wannan da kyau: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ke neman fizge wuƙa daga mazauninta sau huɗu yake ninkuwa, in sau uku ka ninka, sau tara. Notin da ya riƙe wuƙa lafiya lau a juyi 3,000 ba shi da alkawari da kai a 6,000.

A jikin kowane zarto na kirki da kowace wuƙar tupi akwai lamba da aka zana a ƙarfe, iyakar juyin da za ta ɗauka. Ka goge ƙura ka karanta kafin ka ɗaura. Wadda ba ta da lamba, ko wadda aka yi wa walda, ko wadda wani ya yanko daga tsohon ƙarfen mota ya wasa, kada ta hau injinka ko kyauta aka ba ka. Haka dutsen wasa wuƙa. Na santimita 20 yawanci iyakarsa ba ta wuce juyi 3,000 da ƴan kai ba, in ka ɗaura shi a sandar zarto mai 4,200 don ka huta da sayen wani inji, ranar da zai tarwatse ba zai yi sallama ba.

Za ka ji masu cewa ai sai a bar inji a ƙaramin gudu kullum, sannu ba ta hana zuwa. A tafiyar ƙafa gaskiya ne, a tupi kuwa sannu tana jefo katako. Wuƙar tupi tana so haƙorinta ya yi tsakanin mita 40 da 70 a sakan. In ya gaza haka, maimakon ta ɗebi kaɗan-kaɗan sai ta kafta da yawa a sara ɗaya, ta cafke katakon ta wurgo shi baya, hannun da ke turawa kuma ya zarce inda katakon ya bari. Wuƙa mai santimita 14 a juyi 6,000 tana kan mita 44, daidai ke nan. Ita ɗin dai a 3,000 ta faɗo 22, ta zama abin tsoro. Mai santimita 20 kuwa 4,500 ya ishe ta, in ka kai ta 7,500 ta haura 78, ta wuce gona da iri. Wuƙaƙen fere fuska su ba su da rigima, yawancin injuna sun tsayar da su tsakanin 4,000 da 6,000, ka bar su inda ka same su.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Hanyar sauya gudu iri-iri ce, biyu daga ciki kuma dokokinsu kishiyoyin juna ne. Wanda ya koyi aiki a kan ɗaya ya zo ya yi wa ɗayar abin da ya saba, ɓarna zai yi yana ganin gwaninta ce. Buɗe murfin ka duba wacce gare ka.

In ka ga fuli mai hawa-hawa, uku ko huɗu a kan moter, wasu kuma a kan sanda suna kallon su a juye, to naka mai matakala ne, irin wanda ya fi yawa a kombinen Turai da ke shigowa na hannu ta Kwatano da Lome, su Lurem da Kity na Faransa, da Robland na Beljiyam. Wannan ba a taɓa shi sai an kashe, an zare waya daga soket, an jira sanda ta tsaya cak. Kashe makunni kaɗai bai isa ba a rumfar da yara ke shiga da fita. Ka sassauta abin da ya ɗaure moter, ka matso da shi har bel ya saki, ka ɗauke shi da hannu ka mayar matakin da kake so. Kada ka sa sukundireba ka banƙara shi ta kan baki, zaren cikinsa kake tsinkawa. Ka tabbata ya zauna a matakai biyu masu kallon juna. In ya karkace zai ci gefensa ya yi ta zafi. Sannan ka ja moter, ka danna tsakiyar bel da babban yatsa. Ya lotsa kamar santimita 1. In ya fi haka zai riƙa sulɓewa yana kuka, in kuma ya yi tauri kamar ƙarfe boris ne zai biya. Bel ma suna suka tara: mai harafin Z faɗinsa milimita 10, A 13, B 17. In za ka aika Kasuwar Dole a Damagaram ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka ba ɗan aike tsohon ya tafi da shi.

Takardar da ke nuna gudun kowane mataki sau da yawa ta goge kafin inji ya zo hannunmu. Ba matsala. Da wayar a zare, ka ɗiga alli a fulin moter, ka ɗiga a na sanda. Juya na moter da hannu sau 10, yaronka na ƙirga na sanda. In ya ce 15, to sanda ta fi moter da rabi. Duba farantin da ke jikin moter: in an rubuta 2,800, gudunka 4,200 ne. Ka bi matakan duka haka, ka rubuta da fenti a cikin murfin. Aikin rabin awa ne, zai yi maka shekaru.

In kuwa hannu ka gani na murɗawa, da lambobi ko haruffa kewaye da shi, ciki kuma fuli mai faranti biyu da ke matsowa suna buɗewa, to dokar ta juye. Wannan ba a murɗa shi sai inji na tafiya. Dabarar tsohuwa ce. Wani Ba'amurke, Milton Reeves, ya fito da ita wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma daga aikin yankan katako tunanin ya zo masa. Injin da ya fi suna da ita a sana'armu shi ne Shopsmith, wanda Hans Goldschmidt, Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya ƙirƙiro a 1947. Samfurin Mark V da ya fito a 1953 yana aiki biyar da moter ɗaya, gudunsa kuma yana tashi daga juyi 700 zuwa 5,200 da murɗa hannu kawai. Yadda abin yake, in faranti biyun suka matso sai su tura bel ya hau sama, fulin ya zama babba. In suka buɗe ya nutse, fulin ya zama ƙarami. Bel mai tafiya yana hawa da sauka cikin sauƙi. Bel da ke tsaye ba shi da inda za shi, sai farantan su matse shi, kai kana ƙara ƙarfi, ƙaramin haƙorin da ke bayan hannun yana cinyewa. A yawancin irin waɗannan injuna haƙorin nan na ƙarfe ne mai laushi, samun wani a nan kuwa sai an sha wuya. Idan ka tarar wani ya riga ya murɗa shi a tsaye, kada ka kunna. Zare waya, ka riƙa juya sanda da hannu ɗaya kana dawo da hannun gudu a hankali da ɗayan, har bel ya koma mazauninsa.

Irin wannan yana da wata ɗabi'a da za ka koya wa kanka har ta zama jiki: kafin ka kashe, ka sauko da shi ƙasa. Dalili biyu ne. Moter ya fi tashi da sauƙi a ƙaramin gudu. Na biyu kuma ya fi girma. Ka gama yanka da yamma a 4,000 ka tafi masallaci. Da safe ka ɗaura gungumen ƙafar gado ka kunna, ga shi ba damar ragewa sai yana tafiya. Kafin hannunka ya kai, gungumen ya tashi.

Da tsufan bel gefensa na cinyewa, ya ƙara nutsewa, sai lambobin da ke jikin hannun su fara ƙarya. Dabarar alli tana aiki a nan ma: tsayar da inji a lambar da kake shakka, zare waya, ƙirga. Akwai kuma ɗan sukuru mai noti da ke tsayar da gudu a iyakarsa ta sama. Samari na son kwance shi don inji ya ƙara wuta. Aikinsa shi ne hana bel leƙowa saman bakin fuli. In an kai ƙarshen gudu, bel ya zauna ƙasa da baki da milimita 2 ko 3. Ka daidaita shi nan ka ɗaure, ka manta da shi. Inda farantan ke zamewa kuma yana son ɗigon mai marar kauri a kai a kai, bayan ka hure ƙura. Giris mai yawa a hunturunmu tarkon rairayi ne kawai. In hannun ya fara tauri, datti ne, ba ƙarfi yake nema ba.

Iri na uku akwatin lantarki ne mai nuna lamba, ana ƙara gudu ana ragewa da ɗan maɓalli. Yana da daɗin aiki. Ka dai sani fankar da ke sanyaya moter a jikin sandarsa take, in ka rage gudu ka rage iska. A zafin Afrilu da Mayu, da rumfar kwano ke wuce digiri 40, dogon aiki a ƙaramin gudu dafa waya yake yi. Kuma kada wani ya ruɗe ka da abin rage gudun fankar ɗaki. Moter irin naka ba ya rage gudu don an rage masa ƙarfin wuta, gurnani zai yi ya ƙone.

Wannan ya kawo mu kan kuran, wato wutar lantarki. Wutarmu mai bugu 50 ce a sakan, a kanta moter iri biyu suka fi yawa, mai juyi kusan 1,400 da mai kusan 2,800, ga ido kuma kamanninsu ɗaya. Kombinen Turai da yawa suna zuwa da moter mai layi uku na bolt 380, sai a cire a sa na layi ɗaya da aka samu a kasuwa. In aka sa mai 2,800 a gurbin mai 1,400 ba a sauya fuli ba, komai ya ninka biyu, takardar da ke jikin inji kuma ba ta sani ba. Na Amurka an yi su ne don bugu 60, a wurinmu suna rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsu: inda aka rubuta 5,200 abin da za ka samu bai fi 4,300 da kaɗan ba, ban da cewa yawancinsu na bolt 110 zuwa 120 ne. Saboda haka farantin moter shi ne abin fara karantawa.

Tun watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka sha duhu har aka shiga 2024, kowane mai sana'a ya san darajar gurup, wato janareta. To gurup ma yana da nasa gudun. Ƙananan nan sai sun yi juyi 3,000 suke ba da bugu 50. Mai gyara ya rage masa wuta don a tsimi mai, injinka ya rage gudu ke nan ba da saninka ba, moter kuma na shan zafi. Ga shi moter in zai tashi yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci a tafiya, don haka gurup ɗin da ƙarfinsa bai ninka na moter sau biyu ko uku ba wahala za su ba juna. Doguwar waya siririya ma haka take yi. In ka ji muryar inji ta faɗi da zarar katako ya taɓa zarto, fara tuhumar wuta da bel kafin ka taɓa hannun gudu.

Gudu na biyu ba ya cikin murfi, a kafaɗarka yake: saurin da kake tura katako. Wuƙa uku a juyi 5,000 sara 15,000 ne a minti. In katako na tafiya mita 7 da rabi a minti, kowane sara rabin milimita yake ci, fuska ta fito sumul. Ka ninka turawa, sai ka ga tsani-tsani in ka karkata shi a rana, ka ƙare da sanfefa lokacin da kake ganin ka tsira da shi. Ka yi nawa da yawa kuma, wuƙa ta daina yanka ta koma guga, katako ya yi baƙi. Tsuguna ka ɗebi abin da ke zubowa ƙarƙashin inji. In ɓarɓashi ne mai jiki, yana nannaɗewa, ba zafi, aiki na tafiya daidai. In gari ne laushi kamar na tuwo, da ɗumi a tafin hannu da ƙaurin ƙuna, akwai magana.

A ganina, mafi yawan lokutan da hannun kafinta ke kaiwa ga abin ƙara gudu, ba gudu ne ya gaza ba, kaifi ne ya tafi. Ƙasarmu jigawa ce. Katakon da ya kwana a ƙasa, ko ya sha hanya daga Kano ta Daura a buɗaɗɗiyar mota, rairayi ya shiga jikinsa, rairayi kuwa ba abin da ke dakushe wuƙa kamarsa. Buroshi na minti ɗaya kafin katako ya hau tebur ya fi maka wasa wuƙa sau biyu. Za ka fi ganin gaskiyar wannan in Oktoba ta gabato ana neman bencin makaranta, ko bayan kaka da kuɗin rake suka shigo gari, iyayen amare suka tsaya maka a ka kowa na son gadonsa kafin Juma'a. Ranar ne zuciya ke cewa ƙara wuta. Cire wuƙa ka wasa, ka kuma jera aikinka: yanka duka a gama, sannan fira duka, sannan ado. Wanda ke sauya bel sau goma a wuni, a na goma sha ɗaya zai ce bari dai in yi hakanan.

Itace ma kowanne da halinsa. Farin katako mai laushi ne, yana yafe kuskure. Maɗaci da dogon yaro jijiyarsu a harɗe take, in ka ci da zurfi sai su ɓantare. Ɗebi kaɗan, tura a hankali, da wuƙa sabuwar wasawa. Turare yakan matse zarto daga baya yayin da ake tsaga shi, don haka ƙarfen nan da ke tsaye bayan faifai, wanda wasu ke cirewa wai yana tare musu gani, ka bar shi inda yake. Gawon da ya cika gonakin Matamaye da Magarya da Mirya kuwa ba na zarto ba ne. Tun zamanin sarakunan Damagaram ake hukunta mai saransa, yau ma jami'an gandun daji ba su daina ba.

Yaran da za ka ɗauka, kada ɗayansu ya taɓa gudu sai ya iya faɗa maka dalilin lambar da zai sa. Tambaye shi faɗin wuƙa, ya yi lissafin da baki kana ji. Riga mai faɗin hannu, da rawani mai jela, da carbi a wuya, a rataye su a ƙusa tun daga ƙofa. Almajirai masu zuwa kwasar garin katako su jira sai an kashe. Duk sanda aka sauya gudu ko wuƙa, a kunna a tsaya gefe, ba saitin faifai ba, a saurara ɗan lokaci kafin katako ya matso. Daga rumfarka zuwa asibitin Matamaye tafiya ce ga mai zubar jini, aikin da ya fi ƙarfinsu kuma sai Damagaram.

Saura aikin juya katako, in injinka na da wurinsa. Nan katakon ne da kansa ke gudu, saboda haka kaurinsa ne ke yanke hukunci. Masu wannan aiki suna da ma'auni: kauri a santimita sau yawan juyi ya faɗa tsakanin 15,000 da 23,000. Ƙafar gado mai santimita 10 za ta ɗauki 1,500 zuwa 2,300 bayan ta zama kewayayya. Akushi mai 30 kuwa 500 zuwa kusan 770 ne. Muddin da sauran kusurwa a jiki, fara daga can ƙasa, ka juya shi da hannu tukuna ka ga ba ya bugun komai, ka ƙara kaɗan-kaɗan. In inji ya soma rawa, koma baya. Kuma ba makawa wata rana wani zai turo maka gungumen ƙirya a amalanke, ya ce tunda ka yi inji ka fafe masa turmi. Gungume irin wannan ko juyi 700 ya yi masa yawa, nauyinsa kaɗai ya isa ya lanƙwasa sanda. Ka ba shi ruwa ya sha, ka yi masa kwatancen gidan masassaƙa.